Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya gina daula a kan goro da gyaɗa

Idan kaka ta yi a Gafasa da sauran ƙauyukan Ajingi da Gaya, aikin gyaɗa yana nan kusan yadda kakanni suka bar shi. A cire ta, a shanya, a tsinke, mata su ɓare, a ɗaure harawa a ɗora a kan rumfa saboda dabbobi. Abin da ya sauya shi ne inda gyaɗar take zuwa. A yau mafi yawanta a cikin gida take ƙarewa, wajen masu injin matse mai da mata masu ƙuli-ƙuli.

Shekara 80 da suka wuce kuwa, buhun da aka cika a irin waɗannan gonaki kan hau jaki ya tafi wurin sikeli, daga nan jirgin ƙasa ya sauke shi a Legas, jirgin ruwa ya wuce da shi masana'antun Turai. Tsakanin manomin da ya noma ta da Baturen da ya matse manta akwai hannuwa da yawa, kuma babu hannun da ya kai na Alhaji Alhassan Ɗantata tsawo. Lokacin da ya rasu a 1955, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Mutane da yawa sun san shi ne a matsayin kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote. To amma kafin jikoki da tattaɓa-kunne, akwai mutumin kansa, wanda ya tashi ba uba, uwa tana wata ƙasa, ya taɓa zama fursunan yaƙi, sannan ya kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunansa.

Haihuwa a zango

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, Ba'agale ne. Agalawa mutane ne da asalinsu ya taso daga arewa, wajen ƙasashen Buzaye, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka shahara da fatauci mai nisa. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Gidansu Abdullahi a Madobi yake, kuma yadda tarihin iyalin ya nuna, ayari yana kan hanyar Gwanja ne haihuwa ta zo wa matarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, a zangon Bebeji. Bayan ya dawo daga wannan tafiya sai ya mayar da gidansa Bebeji ɗungurungum.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas. Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta, ta tattara ta koma Accra, garin da fataken Hausawa ke kira Ankara, a ƙasar Ghana ta yanzu. Ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Wannan mata ita ta yi rainon Alhassan, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata. Sunan da a yau yake rubuce a jikin kamfanoni da tituna da gadoji, sunan baiwa ne.

Gadon da ya samu bai taka kara ya karya ba, domin 'ya'yan suna da yawa. Ya shiga makarantar allo, ya yi rayuwar almajiri irin ta wancan zamani: karatu da asuba da dare, aikin ƙarfi da rana don neman abin sawa a baki. Iyalinsa suna ba da labarin wani asusu da ya saya tun yana yaro, yana jefa abin da ya rage masa a ciki. Yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka ya bi ayari zuwa Accra don ganin mahaifiyarsa. Ya same ta cikin wadata, amma ba ta zaunar da shi ya ci daɗi ba. Wajen wani malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa, kafin ya sake kamo hanyar Bebeji.

Ya dawo gida ke nan yaƙin Basasa ya ɓarke. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda, suka fice zuwa Takai suka ja daga. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, kuma Tukur ne ya sha kashi. Da Aliyu Babba ya hau gadon sarauta, waɗanda suka bi ɓangaren da aka kayar sun ɗanɗana kuɗarsu: an ƙwace dukiya, an kama mutane. Alhassan da 'yan uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe su suka samu 'yanci.

Goro ta ruwa

Bayan ƙura ta lafa ya koma sana'ar gado. Don a gane abin da ya yi a harkar goro, sai an san wahalar tsohuwar hanya.

Ayarin Gwanja kan tashi daga Kano da jakuna da 'yan dako, ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna na rini da kayan fata. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Borgu, a bi ta Dagomba har a isa Salaga, kasuwar da goron Asante ke fitowa. Kowane sarki a hanya yana da kuɗin fito da za a biya shi, ga 'yan fashi, ga cutar da ke kashe jakuna. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Goro kuma ba gishiri ba ne da za a ɗaure a manta da shi. Dole a riƙa kwance huhu a hanya ana tsince wanda ya lalace, ana sauya ganye, ana yayyafa ruwa. Ɗan sakaci kaɗan sai ƙwari su gama da jarin mutum.

A ƙarshen ƙarni na 19 wannan hanya ta fara mutuwa. Turawan Ingila sun karya ƙarfin Asante, Salaga ta faɗa yaƙin cikin gida a 1892, goro ya fara gangarawa bakin teku. A 1903 layin dogo ya haɗa Kumasi da tashar jiragen ruwa ta Sekondi. Alhassan, wanda ya san Accra tun yana saurayi kuma yana da uwa da dangi a can, yana cikin fataken Hausawa na farko da suka ga inda iska ta juya. Maimakon jaki, sai ya riƙa loda goronsa a jirgin ruwa daga Accra da Sekondi zuwa Legas, tafiyar 'yan kwanaki. Daga Legas goron ya hau zuwa arewa. A 1906 ya faɗaɗa harkar, ya haɗa da duwatsun wuya da tsakiya da yadin Turai.

Ribar ba a farashi kaɗai take ba. Mai bin ayari sau ɗaya yake juya jarinsa a shekara. Mai bin jirgi kuwa yana iya juya nasa sau da yawa, kuma goronsa ya iso da sauran ɗanyantaka. Nan ne ya tsere wa sa'o'insa. Zaman Legas da Accra ya kuma ba shi abin da yawancin attajiran Kano ba su da shi a lokacin: ya ga yadda kantunan Turawa suke lissafi da ba da kaya bashi, ya tsinci Turancin ciniki.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ya dawo da cibiyar harkokinsa birnin, ya gina gida a yankin Koki da Sarari, wurin da a lokacin yawancinsa fili ne.

Turawa sun so auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa

Abin dariya a tarihin layin dogon Kano shi ne, ba don gyaɗa aka shimfiɗa shi ba. Masu masaƙun Lancashire a Ingila auduga suke so, kuma sun sa rai ƙasar Kano za ta cika musu jirage da ita. Lissafinsu bai fita ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, sannan jigawar da ta mamaye arewaci da gabashin Kano ta fi karɓar gyaɗa. Ga manomi kuma, gyaɗa tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da ta kore su ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, kuma idan shekara ta yi muni ana iya cinta. Ba wanda ya taɓa cin auduga.

A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano yadda za su daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, sai buƙatar gyaɗa ta tashi. Hukuma kuma tana neman haraji da kuɗin Turawa, ba da wuri ko hatsi ba. Waɗannan abubuwa suka haɗu. Gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913, har tashar jirgin Kano ta rasa inda za ta sa buhuna.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jirage, amma ba su san ƙauye ba. Ba su jin harshen, ba su san wane ne mai gaskiya a Gaya ko Ringim ko Ɗambatta ba. Waɗanda suka san wannan su ne fataken goro, masu yara da dillalai da masu masauki a kowace kasuwa. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda ya yi bincike a kan farkon cinikin gyaɗa, ya nuna cewa attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada da shi Ɗantata ne suka kai harkar karkara. Yaransu sun shiga ƙauyuka da gishiri da yadi, suna kyauta ga masu gari, suna yaɗa labarin farashin da ake biya a Kano.

A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani ne ya haɗu da wani a 1929 suka zama UAC. Zuwa 1922 ya wuce Sharubutu da Agogo, waɗanda suka riga shi suna, ya zama attajiri na ɗaya a Kano, daga baya kuma ya zama wanda ya fi kowa kai wa UAC gyaɗa.

Yadda tsarin yake aiki shi ne ainihin gwanintarsa. Kafin kaka, kamfani kan ba babban wakili kuɗi. Shi kuma ya haɗa da nasa jarin ya rarraba wa yaransa, su ma su rarraba wa 'yan baranda da ke zaune a kasuwannin ƙauye da kan hanyoyin da jakuna ke bi. Kuɗi ya gangara ƙasa, gyaɗa ta hau sama. A mafi yawan matakan nan babu takardar yarjejeniya, babu lauya. Mutum zai karɓi jakar kuɗi ya tafi garin da sai an yi kwana biyu a kan doki kafin a je, kuma a sa ran ya dawo da kaya daidai da abin da ya karɓa. Wanda ya ci amana, maganarsa ta ƙare a kasuwar Kano. Wanda ya riƙe ta, baɗi a ƙara masa jari, wata rana a yi masa aure, a ba shi gida, ya zama mai yaran kansa.

Aikin mai gida a nan bai bambanta da na shugaban babban kamfani na yau ba: ya san wa zai ba nawa, ya san lokacin da zai saya da lokacin da zai dakata, ya riƙe lissafin mutane masu yawa da ke warwatse a garuruwa. Ɗantata ya fi abokan gasarsa jarin kansa, saboda haka ba sai ya jira Bature ya buɗe jaka kafin ya fara saye ba. Kuma bai saki goro ba. Ya ci gaba da shi, ya haɗa da shanu da hatsi da yadi, ta yadda kuɗin da ya gama aikin gyaɗa a rani ba ya kwana, sai ya shiga wata harkar.

Gasar ba ta da sauƙi. Kwarori da sauran baƙin 'yan kasuwa sun cika Kano, wasunsu irin su Saul Raccah har sun kai ga fitar da gyaɗa waje da kansu suna ja da manyan kamfanoni. Cikin 'yan ƙasa, kaɗan ne suka iya tsayawa a wannan fage na tsawon shekaru.

Shi kuma manomi fa?

Masu ba da labarin Ɗantata kan tsallake wannan tambaya, alhali dalar gyaɗa ba daga sama ta faɗo ba. Gyaɗa ta kawo kuɗi ƙauye, wannan gaskiya ne. Da ita aka biya haraji, aka yi aure, aka sayi keke da kwanon rufi. Da layin dogo ya miƙa gabas ta Ringim ya isa Nguru a 1930, ƙauyukan gabashin Kano sun ƙara kusantar sikeli, noman ya ƙara yaɗuwa.

Amma tun a shekarar farko an ga haɗarin. Damina ta ƙi a 1913, a 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Kano. Daga nan manoma suka ƙara riƙe gero da dawa, gyaɗa ta zama ta biyu. Sai kuma matsalar bashi. Manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina kan karɓi kuɗi ko hatsi a hannun ɗan baranda da alkawarin biya da gyaɗa idan kaka ta yi, a farashin da mai ba da bashin ya yanka. Ga ƙorafin tauye awo a wurin sikeli, wanda ya bi harkar tun farkonta. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, amma haraji bai sauka daidai da shi ba.

Ba Ɗantata ne ya ƙirƙiro wannan tsari ba, kuma ba shi yake yanka farashi a Landan ba. Shi ma a ƙarƙashin kamfanin Turawa yake, wanda kasonsa ya fi na kowa. Sai dai a cikin tsanin, yana kusa da sama, manomin Gafasa yana matakin ƙarshe, kuma duk faɗuwar farashi a kan na ƙasa take fara sauka.

Raƙuma 20

A farkon shekarun 1920 ya yi aikin Hajji ta jirgin ruwa, tafiyar da ta bi da shi ta Ingila, inda aka gabatar da shi ga Sarki George na Biyar. Labarinsa da ya fi yawo a bakin jama'a kuwa na 1929 ne, lokacin da ya buɗe asusu a reshen Kano na Bank of British West Africa, wato First Bank na yanzu. Raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin, duk tsabar azurfa. Mutanen ƙauye ba su yarda da kuɗin takarda ba a wancan zamani, don haka mai sayen gyaɗa dole ya tara tsaba. Abin lura shi ne, a lokacin da attajirai ke binne dukiya a ɗaka, shi ya ɗauki tasa ya miƙa wa banki a bainar jama'a.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya harkar. Gwamnati ta karɓe ikon fitar da amfanin gona, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ita ke yanka farashi a farkon kaka, ta ba wasu kamfanoni lasisin saya a madadinta. Farashin da take biya manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta shiga asusun hukuma, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta yi ayyuka da ita. Da farko kamfanonin baƙi ne suka mamaye lasisin. A farkon shekarun 1950 Ɗantata ya shiga sahun 'yan ƙasa na farko da suka same shi, ya tashi daga wakilin UAC ya zama mai cin gashin kansa.

A waɗannan shekaru ne dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Dalilinta ba ado ba ne. Jirgin ƙasa ne ya kasa kwashe abin da ake nomawa, sai aka riƙa jera buhuna a fili ana rufe su da tamfol har layi ya zo kansu. Dala guda kan ɗauki buhu kusan 15,000, kuma Ɗantata ake danganta wa fara wannan salon jeri. An yi su a Ƙofar Mazugal da Birged da Bebeji da Malam Madori da wasu wurare.

Ya kuma hango cewa sayar da ɗanyen kaya kaɗai ba zai ɗore ba. A 1949 ya ba da kadarar da ta haura fam 10,000 ga kamfanin Kano Citizens Trading Company, wanda attajiran birnin suka haɗu suka kafa don gina masaƙar zamani ta 'yan ƙasa. Gab da ƙarshen rayuwarsa an naɗa shi cikin daraktocin hukumar jiragen ƙasa.

Wasiyya

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin gidajen attajiran ƙasar Hausa. Mai gida ya rasu, a raba gado, kowa ya kama gabansa, yaran gida su watse, masu bashi su yi shiru. Jarin da yake da ƙarfi saboda yana dunƙule sai ya koma ƙananan kaso, cikin shekara goma a nemi sunan gidan a kasuwa a rasa. Ɗantata ya ga wannan a gidan mahaifinsa tun yana ɗan shekara takwas.

Shi ya sa tun da ransa ya mayar da harkarsa kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, ya sa 'ya'yansa cikin aikin, kowa da ɓangaren da yake kula da shi. Da ciwo ya tsananta a 1955, ya kira su tare da babban mai kula da kuɗinsa, Garba Maisikeli. Ya nemi su zauna tare, kada su bar kamfanin ya rushe, su guji rigima da sauran attajiran Kano, su riƙe 'yan uwa musamman marasa ƙarfi. Bayan kwana uku, ranar Laraba 17 ga Agusta 1955, ya rasu. An binne shi a gidansa da ke Sarari.

Babban ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa, ya shigar da shi harkar gine-gine da man fetur da masana'antu. Sanusi ya gina tasa daular a kan gyaɗa da sufuri. Mamuda ya shiga jigilar alhazai. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan. Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina.

Ita kuwa gyaɗar da aka gina gidan a kanta ba ta yi irin wannan tsawon rai ba. Farin farkon shekarun 1970 ya daki noman, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dalolin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Kafin a kai nan, 'ya'yan Ɗantata sun riga sun kwashe jarinsu zuwa wasu harkoki.

A Gafasa har yanzu ana shuka ta tsakanin kunyoyin gero, kuma mai saye yana zuwa da mudunsa da buhunansa ranar kasuwa.